Huɗun Bashi

Daren Talata a Bradford,
ruwa na tsiyaya a gilashin ajin manya.
Ko rigar aikin gidan tsofaffi ban cire ba,
ƙamshin sabulun Mista Ackroyd na nan a hannuna.
Shekara arba'in da shida, ga ni riƙe da fensir,
ina farautar takardar shiga makarantar jinya.

Misis Hargreaves ta rubuta a allo:
wani lambu ne, tsawonsa ya ɗara faɗinsa da mita ɗaya,
girman filinsa sha biyu. Nawa ne faɗin?
Kafin in ƙifta ido ta murɗe lambun ya koma haka:
x² + x − 12 = 0.
Na yi zuru, kamar an miƙa wa makaho madubi.

Ta ce, ku nemo mini lambobi biyu.
In an ninka su, su haifi bashin sha biyu,
in an haɗa su, ɗaya tak ya rage.

Nan fa na gyara zama.
Ashe ciniki ne!
Ni da na girma gindin faifan Inna a kasuwar Malumfashi,
ina riƙe mata a ka wa ya biya, wa ya ce sai Juma'a.
Ɗaya da sha biyu? Ba sa ga maciji.
Biyu da shida? Da sauran tazara.
Uku da huɗu, yawwa!
Huɗu a hannu, uku ana bin ka,
ka biya, ka tashi da ɗaya.

Na gina musu baka biyu, ɗaki jikin ɗaki:
(x + 4)(x − 3) = 0.
Ruwa ba ya tsami banza.
In abu biyu suka ninku suka tashi a sifili,
to ɗayansu ne ya zo hannu rabbana.

Sai amsa ta faɗo, tagwaye.
Wanda ya shiga da bashi ya fito da uku a aljihu,
wanda ya shiga da huɗu ya fito ana bin sa huɗu.
Na ga irin wannan a mutane.

Malama ta ja layi a kan na biyun.
Ku yar da shi, in ji ta,
babu lambun da faɗinsa ya gaza babu.
Aji ya yi dariya.
Tomasz direban tirela ya murje nasa da babban yatsa.

Ni ban goge ba.
Na san wannan lambun.
Yana gangaren fadama, gabas da rijiyar Baffa Ilu,
akwai yakuwa, akwai kuɓewa,
da lemon tsamin da bai taɓa yin 'ya'yan kirki ba.
Shi aka sayar aka yi mini biza da kuɗin jirgi.
Yanzu an ce masu buga bulo ne a wurin.
Ba ya nan, amma duk daren da barci ya ƙi zuwa
sai in taka shi daga shinge zuwa shinge,
in iske faɗinsa bai ragu ba.

A bas ɗin ƙarfe tara na sake gwada shi a bayan rasit.
Bashin huɗu sau kansa, sha shida.
Cire huɗu. Cire sha biyu.
Sifili, cif.
Bai yi ƙarya ba,
wurin zama kawai ya rasa.

A gida Rumasa'u na cin taliya a tsaye,
ta leƙa littafina da cokali a baki:
Mama, amsar ai uku ce.
Na ce uku ce, 'yar nan,
ita zan ba su ranar jarrabawa.

Na zuba wa na'a-na'ar bakin taga ruwa,
na sa ƙararrawar biyar da rabi.
Ɗayar kuwa tana can gefen shafi,
ƙarama, da fensir,
inda jan biro ba ya zuwa.